Hattara da Imel ɗin da Mai Kafe Ya Buɗe Maka

Matasa masu neman aiki, wannan magana taku ce, kuma ba ta bari sai gobe ba ce. Da zarar an ji an buɗe shafin ɗaukar ma'aikata, na Kwastam ne ko na 'yan sanda ko na shige da fice, sai ka ga shagunan kafe sun cika maƙil. Yaro ya miƙa takardunsa da 'yan kuɗinsa ya ce, "Oga, a cike min." Mai kafe ya buɗe masa Gmail, ya zaɓi kalmar sirri da kansa, ya sa lambar wayarsa a gurbin lambar dawo da asusu, ya buga masa takarda. Yaro ya tafi gida yana murna, alhali makullin yana aljihun wani.

Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, hukumomi da kamfanoni da dama sun bi sahu. Ranar gwaji da cibiyar da za ka zauna, galibi ta imel ko shafin hukumar ake sanar da su. Wani lokacin ma saƙon a akwatin Spam yake faɗawa. Wanda bai iya buɗe imel ɗinsa ba, sai ranar ta wuce yana zaune a majalisa yana cewa sai mai uwa a gindin murhu ake ɗauka.

Wannan ma da sauƙi. A cikin imel ɗin nan akwai hotonka, da takardar NIN, da sakamakon WAEC ko NECO, wasu har da BVN. Duk mai riƙe da shi yana iya canza kalmar sirrin Facebook ɗinka ya yi bara da sunanka. Ba duk masu kafe ne macuta ba, yawancinsu neman halal suke yi, amma kwamfuta guda mutum nawa ke zama a gabanta kafin magariba?

Sai 'yan damfara, waɗanda lokacin ɗaukar aiki ne kakarsu. Saƙo zai zo da tambarin hukuma: an zaɓe ka, tura kuɗin gwajin lafiya kafin ƙarfe goma sha biyu. Dubi adireshin mai aikowa. Yawancin shafukan hukumomin gwamnati da .gov.ng suke ƙarewa, kuma hukuma ba ta karɓar kuɗi ta asusun wani mutum. Idan aka kira ka aka ce ka karanto lambobi shida da suka shigo wayarka, katse kiran. WhatsApp ɗinka ko asusun bankinka ake hari.

Yau ɗin nan ka karɓi kalmar sirrinka ka canza ta, ka cire lambar da ba taka ba, ka kunna tantancewa mai mataki biyu. In ka yi aiki a kafe, ka fita daga asusunka, ka goge takardun da aka yi maka sikanin kafin ka tashi daga kujera. Ka sa wani ƙani ko aboki ya nuna maka yadda ake liƙa takarda a saƙo da yadda ake rubuta kan magana, aikin yamma ɗaya ne. Adireshi irin su "ɗangayu007" kuma a bar wa hira, a buɗe mai cikakken suna.

Wanda ya riga ya ba da lambobi shidan nan ko bayanan katinsa, ya kira bankinsa yanzu a rufe asusun, sannan ya sanar da 'yan uwa kada kowa ya tura kuɗi da sunansa.