Kayan Aikin Ma'aikatan Lantarki na Da

Akwai wani abu game da sana'ar lantarki da ba kowa ya ke lura da shi ba, watau shi mai kawo wa gari wuta, a wurin da babu wuta ya ke aikinsa. Tun 1896 aka kunna lantarki a Ikko, amma sai a 1961 kamfanin Black & Decker na Amurka ya fito da injin huda mai batir. Kafin nan, in babu wayar da za a jona inji, sai ƙarfin damtse.

Mu ɗauki misali da ƙasar Birnin Gwari, don wanda ya san ta ba ya bukatar dogon bayani. Dajinta na doka da maje da kaɗanya ne, cikinsa kuwa har da gandun da aka keɓe a 1936, wanda aka mayar Gandun Kamuku na ƙasa a 1999. In za a ratsa irin wannan daji da waya, gatari da adda da zarto su ne a gaba. Bayansu sai diga da dagi, a haƙa ramin falwaya kamar ƙafa 5 ko 6. Gara da gobarar daji lokacin hunturu abokan gāban falwayar itace ne, shi ya sa a kan jiƙa ta da wani baƙin mai mai kama da kwalta, ko kuwa a kafa ta ƙarfe.

In an kafa, sai hawa. Ma'aikaci ya kan ɗaura ƙarafa masu tsini a ƙafafunsa, ya zagaya falwayar da ɗamarar fata, ya jingina da ita, hannuwansa biyu su sami sakewa. A can sama ya ke aiki da mahujin hannu. Shi wannan ƙarfe ne mai lanƙwasa a tsakiya, da ƙulli a ka. Sai mutum ya danna ƙullin da ƙirji ko da tafin hagu, ya riƙa juya lanƙwasar da dama, bakin kuwa na da ɗan tsini mai zare wanda ke jan kansa cikin itacen. Gwani da hannu ya ke jin halin katako. In ya ji bakin ya yi sakwa-sakwa ya san ciki ya ruɓe, kuma ransa ke rataye a jikin wannan itace. A ganina inji mai sauri ba ya ba mutum wannan labari da wuri.

A cikin gida kuwa, in bangon siminti ne, akwai wani tsinken ƙarfe da a ke bugawa da guduma, a juya kaɗan, a sāke bugawa, har rami ya samu. Sa'an nan a cusa ɗan toshi don kusa mai zare ta kama. Wani Bature na Ingila, John Rawlings, shi ya ƙago toshin, ya sa masa suna Rawlplug. Filaya da sukudireba da wuƙar feƙe waya kowa ya san su.

Haɗin waya da dalma a kan yi shi. A gasa guntun jan ƙarfe mai ƙota a garwashi, in gawayin ƙirya ne ya fi, kamar yadda maƙeranmu su ka sani, a narka gaurayen dalma da kuza a kan mahaɗar. Haɗin da bai kama ba zafi ya ke yi, daga zafi sai gobara, musamman ƙarƙashin jinka.

Amma sarkinsu duka shi ne akwatin gwaji da a ke kira Megger, na kamfanin Evershed & Vignoles da ke Landan a wancan zamani. Yana da mariƙi a gefe, in an juya sai ya haifi wutar kansa, galibi bolt 500, ya tura ta cikin wayar. Allura ta nuna ko rigar wayar lafiya lau ta ke, ko kuwa wuta na zurarewa ƙasa. Ba a sakar wa gida wuta sai allurar ta yarda.

To, har yanzu ma'aikacin da aka aika ƙauyukan Birnin Gwari, in batirinsa ya mutu da azahar, ba lalle ya sami inda zai cika shi ba. In da mahujin hannu a jakarsa, ya gama hujinsa kafin la'asar.