Idan WiFi Ya Ƙi Tashi a Linux: Aikin Direba da Yadda Ake Gano Ciwonsa

A cikin yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka akwai wani ɗan kati da bai wuce faɗin yatsu biyu ba. Wasu siraran wayoyi suna fita daga jikinsa, su bi ta maɗaurin murfi, su hau bayan allo. Wannan shi ne katin WiFi, wayoyin kuma eriyarsa ne. A tsakiyar katin akwai wata 'yar ƙwayar lantarki da masu gyara ke kira cip, kuma ita ce ke yin aikin gaba ɗaya. Cip ba ya jin yaren kowa sai na kamfanin da ya ƙera shi, don haka dole a samu manhajar da za ta tsaya tsakaninsa da babbar manhajar kwamfutar ta yi tafinta. Wannan tafinta shi ake kira direba.

A Windows, kamfanin da ya ƙera cip shi ke rubuta direban, ya kulle sirrinsa, ya miƙa wa mai saye. A Linux al'amarin ya sha bamban. Tun da Linus Torvalds ya fitar da shi a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, tsarin ya ginu ne a kan cewa kowa na iya karanta rubutun manhajar, ya gyara, ya raba. Yawancin direbobi suna zuwa ne a cikin kanel, wato zuciyar tsarin, shi ya sa sau da yawa ana gama girka Ubuntu, Linux Mint ko Fedora sai a ga WiFi ya kama ba a taɓa komai ba. Inda ake samun cikas shi ne inda mai cip ya ƙi bayyana yadda kayansa ke aiki. Mai rubuta direba ba zai yi tafintar yaren da aka ɓoye masa ba.

A farkon shekarun 2000 wannan cikas ya yi tsanani ƙwarai. Har aka ƙirƙiro wata dabara mai suna NDISwrapper a 2003, wadda ke ɗauko direban Windows ta lulluɓe shi don ya yi aiki a Linux. Ta taimaki mutane da dama, amma maneji ne, domin idan direban aron ya yi tuntuɓe babu mai iya duba cikinsa. Wasu masana kuma suka zauna suna nazarin halayyar cip ɗin Broadcom da na Atheros ɗaya bayan ɗaya, har suka gano yarensu da kansu; daga irin wannan wahala aka samu direban b43 da ath5k. Sauyi ya fara ne a 2007, lokacin da aka shigar da wani ginshiƙi mai suna mac80211 cikin kanel, wanda ya ɗauke wa masu rubuta direba aikin da kowane kati ke buƙata iri ɗaya. A 2008 Atheros ya fitar da direban ath9k a buɗe, a 2010 Broadcom ma ya saki nasa na wasu cip ɗin. Intel kuwa ma'aikatansa ne ke kula da direbansa, iwlwifi, a cikin kanel ɗin kansa, kuma wannan ne ya sa katinsa ya fi kowanne kwanciyar hankali a Linux.

Kafin a fara gyara, yana da kyau a san hannuwan da saƙo ke bi. A ƙasa akwai cip. A cikinsa akwai wata ƙaramar manhaja da ake kira famwaya, wadda yawancin katunan zamani ba sa ajiye ta a jikinsu. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta sai direba ya ɗauko ta daga ma'ajiyar /lib/firmware ya ɗura masa. Sama da direba akwai wpa_supplicant, wanda Jouni Malinen ya rubuta, shi ke tattaunawa da rauta a kan kalmar sirri. A can sama kuma akwai NetworkManager, wato abin da mai kwamfuta ke gani a kusurwar allo yana jera sunayen netwok. Duk wanda ya karye a cikin waɗannan, abin da ido zai gani ɗaya ne: babu intanet. Shi ya sa gyaran kan zama lalube ga wanda bai bi su daki-daki ba, daga ƙasa zuwa sama.

Matakin farko shi ne sanin sunan cip, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure. Sunan da ke jikin kwamfuta, HP ko Dell ko Lenovo, ba ya faɗin komai a kan wannan, domin samfuri ɗaya na iya fitowa da katin Intel a wata ƙasa, da na Realtek a wata. A kwamfutocin tokumbo da suka cika kasuwanninmu ma abin ya fi haka, tunda mai yiwuwa an taɓa sauya katin kafin ta iso hannun mai ita. A tagar umarni ake tambaya. Umarnin lspci -nnk yana jera duk abin da ke maƙale a cikin kwamfutar, tare da sunan direban da ke riƙe da kowanne. Idan kuma ɗan sandan USB ne ake sokawa, sai a yi amfani da lsusb. Kowane cip yana da lambobi biyu da ke bayyana shi. Ta farko ta kamfani ce: a jerin lspci, 8086 Intel ke nan, 14e4 Broadcom, 10ec Realtek, 168c Atheros. Ta biyu ita ce ta samfurin. Da waɗannan lambobi ake neman bayani, ba da sunan da ke kan kwali ba.

Akwai misalin da ya shahara a kan haka. Sandan WiFi na TP-Link mai lamba TL-WN722N ya yi suna a wurin masu Linux saboda fitowarsa ta farko tana ɗauke da cip ɗin Atheros AR9271, wanda ke kamawa nan take. Da kamfanin ya fitar da ta biyu da ta uku, sai ya sa cip ɗin Realtek a ciki, suna da kamanni kuma ba su canza ba. Mutane da yawa sun saya bisa shawarar da aka ba su, suka tarar da wani abu daban. Ƙaramin rubutun da ke nuna ko fitowa ta nawa ce, a bayan kwali, shi ne abin dubawa.

Idan an ga katin a jeri, abu na gaba mai sauƙi ne, amma yana cin lokacin mutane: wataƙila an kashe shi ne kawai. Umarnin rfkill list yana nuna toshewa iri biyu. Akwai ta manhaja, wadda rfkill unblock all ke buɗewa. Akwai kuma ta ƙarfe, wadda ke nufin wani maɓalli a gefen kwamfutar, ko haɗin Fn da ɗaya daga maɓallan sama, ko wani saiti a cikin BIOS ne ya kashe rediyon. Wannan babu umarnin da zai buɗe ta sai an kai hannu. Masu kwamfutar da ke ɗauke da Windows da Linux tare suna da ƙarin abin lura. Windows yana da wani tsarin saurin kunnawa da ba ya kashe kwamfuta gaba ɗaya, wani lokaci yakan bar katin a wani hali da Linux ba zai iya tashe shi ba. Kashe wannan tsari a cikin Windows yakan warware matsalar.

Daga nan sai a saurari abin da kanel ɗin ke faɗa da bakinsa. Duk abin da ya faru tun daga kunna kwamfuta yana rubuce, kuma sudo dmesg ke buɗe shi. Rubutun yana da yawa, don haka ana tace shi da sunan direba ko da kalmar firmware. Idan aka ga layin da ke cewa ɗora wani fayil ya gaza, da lamba -2 a ƙarshe, ma'anarsa an nemi fayil ɗin famwaya ba a same shi ba. Direba yana nan lafiya, abincin da zai ba cip ne babu. Maganin shi ne girka ƙunshin linux-firmware, ko a Debian ƙunshin da ya dace da kamfanin, kamar firmware-iwlwifi ko firmware-realtek. Shekaru da yawa Debian ba ya sa waɗannan fayiloli a faifan girkawarsa na hukuma, saboda rubutunsu a kulle yake, kuma hakan ya saɓa wa aƙidar 'yancin manhaja da aka kafa shi a kai. Sai a 2022 masu gina shi suka kaɗa ƙuri'a, daga Debian 12 da ya fito a 2023 aka fara haɗa su. Hukuncin ya yi daidai, domin wanda WiFi ɗinsa bai tashi ba a ranar farko da wuya ya tsaya har ya fahimci aƙidar.

A nan akwai wani ƙulli: ana buƙatar intanet don a sauko da abin da zai gyara intanet. Hanya mafi sauƙi ita ce wayar hannu. A haɗa wayar Android da kebul ɗin USB, a kunna raba intanet ta kebul a saitinta, Linux zai ɗauke ta kamar wayar netwok ba tare da neman wani direba ba. Inda akwai rauta kusa, kebul ɗin netwok ma ya wadatar.

Wani lokaci kuma katin ne ya fi kanel sabunta. Katin Intel AX210, alal misali, sai daga kanel 5.10 aka san shi, alhali Ubuntu 20.04 ya fara fitowa ne da 5.4. Umarnin uname -r ke nuna lambar kanel. A irin wannan hali babu abin da ya lalace; sabon kanel ko sabon fitowar tsarin ake buƙata.

Broadcom ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi wahalar da masu tsofaffin Dell da HP da MacBook. Direbobi har huɗu ne ke da'awar katunansa: b43, brcmsmac, brcmfmac, da kuma wl, wanda kamfanin ya rubuta ya kulle. Kowanne yana da cip ɗin da yake iyawa, wasu cip ɗin kuma biyu na iya kama su. Idan biyu suka tashi tare sai su yi ta ja-in-ja a kan kati ɗaya, kowa ya rasa. Saboda haka ana zaɓar ɗaya bisa lambar cip, a hana sauran tashi ta hanyar rubuta sunayensu a jerin hani da ke cikin /etc/modprobe.d. Ubuntu da Linux Mint suna da manhajar zaɓen direba da ke yin wannan da kanta, kuma ita ya kamata sabon shiga ya fara gwadawa. Babbar ɓarna tana zuwa ne daga kwafo umarni barkatai daga wurare daban-daban, kowanne an rubuta shi don wani cip, har a wayi gari an hana direban da ya dace tashi ba a sani ba. Gyara ɗaya ake yi, a gwada, a rubuta abin da aka taɓa, sannan a wuce.

Direban da ba ya cikin kanel, irin wl ko na wasu sandunan Realtek masu araha, yana da nasa sharaɗin. Ana gina shi ne daidai da kanel ɗin da ke kan kwamfutar, don haka duk ranar da aka sabunta kanel yana iya ɓacewa. Tsarin DKMS, wanda Dell ya fara samarwa, shi ke sake gina shi kai tsaye bayan kowane sabuntawa. Sannan akwai Secure Boot, wani tsaro a kwamfutocin zamani da ke hana duk direban da ba a sa wa hannu ba tashi. Mutum zai girka direba daidai, babu kuskure ko ɗaya, amma WiFi shiru. Umarnin mokutil --sb-state ke nuna ko tsaron a kunne yake. Ana iya yi wa direban rajistar mabuɗi yayin sake kunnawa, ko a kashe tsaron a BIOS. Na farkon ya fi, tunda bai rage kariya ba.

Sauran matsalolin na katin da ke aiki ne amma ba yadda ake so ba. Idan yana kamawa yana saki, abin zargi na farko shi ne tsarin tattalin batir, wanda ke sa kati gyangyaɗi. Ana gwada kashe shi da iw dev, sunan katin, sannan set power_save off. Idan WiFi ya ɓace bayan an rufe murfi an buɗe, sauke direban da modprobe -r da sake ɗora shi yakan dawo da shi. Idan kuma ana ganin netwok ɗin maƙwabta amma ba a ganin na gida, a duba abu biyu. Tsofaffin katuna zangon 2.4 GHz kaɗai suke ji, ba sa ganin hotsifot ɗin da aka saita a 5 GHz. Na biyu shi ne lambar ƙasa. Kowace ƙasa tana da tashoshin rediyon da ta halatta: a zangon 2.4 Amurka ta tsaya a tasha ta 11, Turai kuma tana kaiwa 13. Kwamfutar da ta ɗauka a Amurka take ba za ta kama rautar da ke kan tasha ta 13 ba. Umarnin iw reg get ke nuna ƙasar da aka saita, iw reg set kuma ke sauya ta, NG ga Najeriya, NE ga Nijar, GH ga Gana. Wasu katunan an daskare musu lambar a jikinsu, a nan sai dai a mayar da rautar wata tasha tsakanin 1 da 11.

Idan sigina tana da rauni ko a gaban rauta, galibi ba direba ba ne. Sau da yawa ɗaya daga siraran wayoyin eriya ne ya fita daga maɓallinsa yayin wani gyara da aka yi a baya, ko ya tsinke a maɗaurin murfi.

Akwai lokacin da sauya katin ya fi sauƙi da arha a kan ci gaba da fama. A yawancin kwamfutoci sukurori kaɗan ne tsakanin mai gyara da katin, kuma na Intel ko Atheros da aka ciro daga matacciyar kwamfuta yakan yi aiki nan take. Sai dai a tabbatar ramin ya dace, domin tsofaffi suna amfani da mini PCIe, sababbi kuma M.2. Wasu tsofaffin HP da Lenovo kuma suna da jerin katunan da BIOS ya yarda da su, idan aka sa baƙo sai su ƙi tashi. Wanda zai sayi kwamfuta don ya girka mata Linux yana iya kauce wa duk wannan tun a shago: ya tafi da filashi mai ɗauke da Ubuntu ko Mint, ya tashi kwamfutar daga kansa ba tare da girkawa ba, ya kunna hotsifot ɗin wayarsa, ya ga ko za ta kama kafin ya biya kuɗi.