Jaji a bakin kogin Nilu: amsar wasiƙar wata ɗaliba daga Suki

Ga abin da muka tattauna a filin mata na wannan mako, mun rubuto shi domin waɗanda tashar ba ta kama musu sosai ba a ranar, da masu son su ajiye su karanta wa wasu.

Saƙon da muka ɗauka ya fito daga wata budurwa a Suki, cikin jihar Sinnar ta ƙasar Sudan. Ta roƙi kada a faɗi sunanta. Ta gama sakandare, yaƙi ya tare mata hanyar jami'a, yanzu wuni take a gida. Ƙannenta mata da 'ya'yan maƙwabta duk sun koma talla. Abin da take tambaya shi ne, mene ne amfanin karatun da ta yi, kuma me za ta yi da kanta.

Kafin amsa, bari mu ɗan yi wa mutanen Kano da Maraɗi bayani, don na san wani zai ce, Hausawa kuma a Suki? Ai sun fi shekara ɗari a can. Tun da daɗewa mahajjata ke bi ta Sudan a ƙafa, wasu guzuri ya ƙare su zauna. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai ga wasu dubbai sun zo ƙwadago, da yawansu suka zauna a unguwannin leburori da ake ce wa kambo. Suki tana gabashin kogin, layin dogo mai zuwa Gadarif ya ratsa ta nan, kuma tun farkon shekarun 1970 take da nata gonakin noman rani na gwamnati, ana auduga da gyaɗa. Ko markaɗaɗɗiyar gyaɗar da 'yan Sudan ke ci, dakwa suke ce mata.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya iso wannan yanki. Wad Madani ta faɗi a Disambar wannan shekara, Suki kanta ta shiga hannun dakarun RSF a tsakiyar 2024, sojoji suka karɓe ta a Oktoba. Makarantu sun daɗe a rufe, wasu sun zama masaukin 'yan gudun hijira. 'Yan ajin da ya kamata su zauna jarrabawar shahada a 2023 sai ƙarshen Disambar 2024 suka samu zama. Yaro namiji in an buɗe makaranta yakan koma. Yarinya kuwa, shekara biyu a gida ta isa a ce ta girma, a sa mata rana.

To, 'yata, ga amsata. Aikin da kike nema yana da suna a tarihinku, sunansa jaji.

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta duba ta ga matan ƙauye ba za su iya barin gidajensu su zo birni karatu ba. Sai ta zaɓi dattijuwa mai hankali daga kowane gari, ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani don kowa ya san an ba ta izini. Jaji takan jagoranci ayarin 'yan mata da tsofaffi su zo wurin Asma'u, su koyi karatu ta hanyar waƙoƙin da ta tsara da Fulatanci da Hausa, su koma su koya wa matan aure a cikin gidajensu. Su ne 'Yan Taru. Ba karatu kaɗai suke yi ba, suna duba marasa lafiya, suna wankan gawar mata, suna sasanta rigima. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon abin. Kuma ki lura, Mai Wurno da ya kafa garin da ke kusa da ku tattaɓa-kunnen Abubakar Atiku ne, ɗan'uwan ita Asma'u. Saboda haka in wani dattijo ya ce miki karatun mata baƙon abu ne da aka kawo daga waje, ki tuna masa wannan cikin ladabi.

Abin da ya fi burge ni a tsarin nan shi ne Asma'u ba ta jira a gina makaranta ba, kuma ba ta yi faɗa da mazan gari ba. Ta duba wa ke da damar fita, ta ɗora aikin a kansa. Yau a unguwarku wa ke da damar shiga kowane gida ba a tambaye shi ba, ya kuma iya karatu da Larabci? Ke ce.

Akwai wani misalin ma kusa da ku, a Rufa'a, a bakin wannan kogi dai. Babikir Badri, wanda ya yi yaƙi a rundunar Mahadi, ya buɗe makarantar 'yan mata a gidansa a 1907. Hukumar Turawa ta lokacin ta ce ya yi da sunansa da kuɗinsa, ita ba ruwanta. Ya fara da yara 17, tara daga gidansa, takwas na maƙwabta. Daga wannan tsakar gida abin ya yi ta girma har ɗansa Yusuf Badri ya kafa kwalejin mata ta Ahfad a Omdurman a 1966, wadda ta zama jami'a. Kafin nan ma Sudan ta riga ta sami likita mace, Khalida Zahir, a 1952, ta kuma sami Fatima Ahmad Ibrahim a majalisa a 1965. Ni dai abin da na riƙe a labarin Babikir shi ne yaran nan tara. Da 'ya'yan gidansa ya fara, shi ya sa maƙwabta suka yarda su ba da nasu.

Yanzu mu zo kan talla, don nan ne gizo ke saƙar. Masu zuwa daga birni su yi wa iyaye mata wa'azi a kan talla sau da yawa ba su zauna sun yi lissafi ba. Matar da ba ta fita kasuwa, 'yarta ce ƙafarta. Ita ke kai gyaɗa da godogodo da ƙosai bakin tasha, ita ke dawo da ciniki, daga cinikin ake cefane, daga ciki ake zubin adashi, wanda can ake ce wa sanduƙ, daga adashin kuma ake tara kayan ɗakin ita yarinyar. In kin ce a sauke farantin nan, kin ce a rage tuwon dare ke nan. Babu uwar da za ta saurare ki, kuma ba don ba ta son 'yarta ba.

Don haka kada ki fara da neman a bar talla. Ki nemi awa ɗaya, bayan la'asar ko lokacin da aka dawo da faranti. Tabarma, allo, gawayi ko alli, yara biyar ko shida, ƙannenki a gaba. Ki haɗa da lissafi tun ranar farko, domin ranar da uwa ta ga 'yarta ta daina dawowa da canji a ruɗe, ita da kanta za ta turo miki ƙanwarta. Ki samu wata dattijuwa da unguwa ke jin maganarta, ungozoma ko matar liman, ta riƙa zama a wurin. Ke kina da karatu, ita tana da furfura, kuma akwai ƙofar da furfura kaɗai ke buɗewa. In maganar auren wata yarinya ta taso, ita za ta shiga, ba ke ba. Dokar iyali ta Sudan ta 1991 ta bar ƙofar aurar da yarinya tun tana shekara 10 in alƙali ya amince, kin ga ke nan doka ba za ta yi miki wannan aikin ba, sai lallashi.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba shi ne takardu. Hausawa da Fulanin Sudan sun daɗe suna shan wahalar samun takardar zama ɗan ƙasa, ko da kakan kakansu a nan aka haife shi, ga kuma waɗanda takardunsu suka salwanta wajen gudu. Yarinya tana iya yin ƙoƙari har ajin ƙarshe, a zo rajistar jarrabawa a ce ina lambarta. Mai iya cika takarda da Larabci, ta raka uwa ofis, ta san tagar da za a tsaya, wallahi ta yi babban aiki, ko da ba wanda zai kira shi shugabanci.

Na san za ki ce, to ni fa, nawa karatun? Ba na ce ki haƙura da jami'a ba, ki ci gaba da nema. Ba kuma zan ce miki wannan aiki zai ba ki kuɗi ba, watakila sai ɗan abin da iyaye suka ga dama. Amma wadda ta san yara shida na jiran ta da la'asar, tashinta da safe daban yake da na wadda ba mai jiran ta. Awadiya Mahmud Koko mai shayi ce a bakin titi a Khartum. Tun wajen 1990 ta fara haɗa 'yan'uwanta masu shayi da abinci cikin ƙungiya saboda 'yan sanda na kwashe musu kaya, har ta yi zaman kurkuku a kan bashin da ya hau su. A 2016 aka kira ta Amurka aka ba ta lambar yabo ta jaruman mata.

Wasu yaran za su daina zuwa, wata za a aurar da ita kina ji kina gani, ranar za ki yi kuka. Ki bi ta ɗakin mijinta da allonta in an ba ki izini, haka jajis suka yi.

Masu sauraro na Damazin da Gadarif da Mai Wurno, in akwai mai irin wannan aji a gidanta, ta aiko mana da yadda ta shawo kan iyaye, za mu karanta a shiri na gaba don 'yarmu ta Suki ta ji.