Kula da birkin keke mai naɗewa

Ƙafafun keke mai naɗewa ƙanana ne, galibi inci 16 ko 20, kuma robar birkinsa tana saurin cinyewa a cikin rairayi. Kafin ku hau, ku matsa hannuwan birki: in sun taɓa kan keken, waya ta saki, sai a ɗaure ta. In zanen roba ya shafe, ku sake sabuwa. Kada mai ya taɓa gargare, domin birki ba zai kama ba. Yawan naɗewa yana raunana waya. Ku riƙa duba wurin lanƙwasa. Bayan kun buɗe keken, ku tabbata maƙallansa sun kulle sosai. A gangara ku riƙe birki biyu tare. Na gaba kaɗai yana iya kifar da ku.