Yadda Nijeriya Ta Koma Daga Haramta Kuɗin Kirifto Zuwa Yi Masa Doka

A watan Maris na 2025 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Zuba Jari da Hannayen Jari, wadda ta maye gurbin ta 2007. Daga cikin abubuwan da dokar ta ƙunsa har da amincewa da kadarorin intanet, irin su kuɗin kirifto, a matsayin dukiyar zuba jari, tare da danƙa kula da su a hannun Hukumar Kula da Hannayen Jari, watau SEC.

Wannan mataki ya zo ne shekara huɗu bayan Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna su raba gari da duk mai wannan sana'a. Abin da ya faru tsakanin waɗannan lokuta biyu ya isa darasi ga masu tsara manufofin tattalin arziki.

Kuɗin kirifto, wanda Bitcoin ya fi shahara a cikinsa, kuɗi ne da babu wata gwamnati ko babban banki da ke buga shi. Ana adana lissafinsa ne a dubban kwamfutoci da ke warwatse a duniya, kuma mutum na iya aika shi ga wani a wata ƙasa ba tare da ya bi ta banki ba. Akwai kuma irin wanda aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka, kamar USDT, wanda masu shigo da kaya da masu gudun faɗuwar Naira suka fi nema.

Tun a watan Janairu na 2017 Babban Bankin ya gargaɗi bankuna game da irin wannan kuɗi. A watan Satumba na 2020 kuma hukumar SEC ta ba da sanarwar cewa za ta ɗauke shi a matsayin kadarar zuba jari, ta kuma tsara yadda za a yi wa dillalansa rajista.

Ba a yi wata biyar ba, sai Babban Bankin, a ƙarƙashin Gwamna Godwin Emefiele, ya aika wa bankuna takarda ran 5 ga Fabrairu, 2021, yana umartarsu su gano asusun duk masu cinikin kirifto su rufe. Hujjar bankin ita ce ana iya amfani da kuɗin wajen halatta dukiyar haram da ɗaukar nauyin ta'addanci, ga shi kuma farashinsa ba shi da tabbas. Wannan ya tilasta wa SEC jingine shirinta, domin dillalin da ba shi da asusun banki ba shi da yadda za a bi sawun cinikinsa.

Ta haka aka wayi gari hukumomi biyu na gwamnati ɗaya kowace ta fuskanci alƙiblarta. Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya bayyana a cikin watan cewa tsara harkar da doka ya fi hana ta.

Hanin bai tsayar da cinikin ba, sauya masa hanya kawai ya yi. Masu saye da sayarwa suka koma ciniki na kai-tsaye tsakanin mutum da mutum. Mai saye ya aika Naira zuwa asusun mai sayarwa kamar yadda ake biyan kuɗin kowane irin kaya, kamfanin intanet da ya haɗa su kuma ya riƙe kirifton amana har sai mai sayarwa ya tabbatar kuɗi sun shigo. Abin da banki ke gani shi ne wani ya tura wa wani kuɗi, ba ya sanin dalili.

Daga baya an ci wasu manyan bankuna tarar ɗaruruwan miliyoyin Naira saboda saɓa umarnin, amma kasuwar ta ci gaba da bunƙasa. Kamfanin Chainalysis mai nazarin wannan fanni ya sa Nijeriya a matsayi na biyu a duniya wajen karɓar kirifto a 2023 da 2024, ya kuma ƙiyasta cewa kimanin dala biliyan 59 suka shigo ta wannan hanya tsakanin Yuli 2023 da Yuni 2024.

Gwamnati ta gwada kawo nata madadin. Ran 25 ga Oktoba, 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da eNaira, kuɗin intanet na farko da wani babban banki ya fitar a Afirka. Sai dai jama'a ba su rungume shi ba, kuma wani nazarin Asusun Ba da Lamuni na Duniya na 2023 ya nuna cewa akasarin asusun da aka buɗe ba a amfani da su. Dalilin a fili yake: eNaira dai Naira ce, alhali kuwa yawancin masu neman kirifto mafaka suke nema daga faɗuwar Nairar.

Daga nan sai manufar ta fara juyawa. A watan Mayu na 2022 SEC ta fitar da ƙa'idojin kadarorin intanet. Dokar Kuɗi ta 2023 ta ɗora harajin kashi 10 cikin 100 a kan ribar sayar da su, watau ana neman haraji daga cinikin da aka hana bankuna taɓawa. Ran 22 ga Disamba, 2023, Babban Bankin, a ƙarƙashin sabon Gwamna Olayemi Cardoso, ya yarda bankuna su buɗe wa dillalai masu lasin SEC asusu, ko da yake ya hana bankunan kansu riƙe kirifto ko cinikinsa.

Sassaucin ya zo daidai lokacin da Naira ke cikin mawuyacin hali. Bayan an sakar wa kasuwa farashin canji a watan Yuni na 2023, dalar da hukuma ke sayarwa a kan kimanin Naira 460 ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Jami'an gwamnati suka zargi dandalin Binance da cewa farashin da ake sawa a kansa ne ke jan kasuwar bayan fage. Cardoso ya ce dala biliyan 26 sun ratsa ta dandalin a cikin shekara ɗaya daga mutanen da ba a iya tantance su ba.

An tsare jami'an kamfanin biyu a Abuja a ƙarshen watan. Ɗaya ya tsere a watan Maris, ɗayan kuma, Tigran Gambaryan, an sallame shi a watan Oktoba bisa dalilin rashin lafiya, bayan an janye tuhumar da ake yi masa. Kamfanin ya daina hulɗa da Naira a watan Maris na 2024, kuma a watan Fabrairu na 2025 hukumar tara haraji ta tarayya ta kai shi kotu tana neman diyyar dala biliyan 79.5 da bashin haraji na dala biliyan 2.

Abin lura a nan shi ne, rashin sanin masu cinikin da Babban Bankin ya koka a kai, wani ɓangarensa sakamakon hanin 2021 ne, wanda ya kore su daga inda ake tambayar suna da shaidar mutum.

A watan Agusta na 2024 SEC ta ba kamfanoni biyu na cikin gida, Busha da Quidax, amincewar wucin gadi. Dokar 2025 ta ƙara wa hukumar ƙarfi, ta kuma haramta tsarin nan na damfara da ake biyan tsofaffin masu zuba kuɗi da kuɗin sababbi, tare da tanadin tarar da ba ta gaza Naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyu.

Ba a yi wata guda da sa hannu a kan dokar ba, sai dandalin CBEX, wanda ya yi wa jama'a alkawarin ninka musu kuɗi cikin wata ɗaya, ya durƙushe a watan Afrilu na 2025. SEC ta ce ba ta taɓa yi masa rajista ba, hukumar EFCC kuma ta shiga bincike. Dubban mutane sun yi asara, kamar yadda aka yi a lokacin MMM a ƙarshen 2016.

Wannan ya nuna cewa rubuta doka ba shi ne ƙarshen aiki ba. Ana bukatar SEC ta samu ma'aikata masu sanin fasahar, ta hanzarta ba da lasin ga waɗanda suka cancanta domin kada jinkiri ya sake tura masu ciniki zuwa dandalin ƙasashen waje, ta kuma riƙa sanar da sunayen kamfanonin da ta amince da su cikin harsunan da jama'a ke ji. Haka nan ya wajaba Babban Bankin, da SEC, da masu tara haraji su riƙa tuntuɓar juna kafin kowace sanarwa.

Ga mai niyyar zuba kuɗinsa kuwa, matakin farko shi ne ya bincika ko kamfanin yana cikin jerin da SEC ta wallafa, ya kuma sani cewa rajista ba ta hana farashin kirifto faɗuwa.