Yadda Ƙwayar Bairos Ke Kama 'Ya'yan Alade Tun Suna Ciki

1.0 Gabatarwa

Atrone unguwa ce a gunduma ta 7 ta birnin Njamena, a ƙasar Cadi. Da yawa daga mazaunanta 'yan asalin kudancin ƙasar ne, kuma wasunsu suna kiwon aladu a bayan gida, suna ciyar da su da ragowar abinci da dusar burkutu. Ga irin wannan gida, aladiya mai ciki ita ce asusu, domin da 'ya'yanta ake biyan kuɗin makaranta da na magani. Wannan takarda za ta bayyana yadda cuta ke ratsa jikin uwa ta kai ga tayi, tare da kalmomin da ɗalibi zai buƙata wajen fassara bayanan kiwo.

2.0 Mahaifa da Mabiyiya

Aladiya tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 114, wato wata 3 da mako 3 da kwana 3. A tsakanin jinin uwa da na tayi akwai shimfiɗu 6 na tantani, waɗanda suka haɗu suka zama mabiyiya. Kaurin wannan shinge yana hana garkuwar jikin uwa wucewa zuwa tayi. Saboda haka ɗan alade ba ya samun kariyar uwarsa sai bayan haihuwa, idan ya sha dakashi, wato nonon farko. Amma duk da kaurin shingen, akwai ƙwayoyin bairos da ke iya ratsa shi.

3.0 Fabobairos

Misali mafi bayyana shi ne fabobairos na aladu, wanda ake samu kusan ko'ina ake kiwon aladu a duniya. Uwar ba ta nuna alamar rashin lafiya. Ƙwayar tana shiga ta baki ko ta hanci, ta yaɗu cikin jini, bayan kwana 10 zuwa 14 ta isa mahaifa. Abin da zai faru ya danganta da kwanakin cikin:

(a) Kafin kwana 30, tayi bai yi ƙashi ba, sai ya mutu ya narke, aladiyar ta sake neman namiji.

(b) Daga kwana 30 zuwa 70, tayi yana mutuwa ya bushe ya yi baƙi, ya zauna a ciki har ranar haihuwa.

(c) Bayan kwana 70, tayi ya fara haɗa garkuwar kansa, galibi yakan rayu.

Da yake ƙwayar tana bi daga tayi zuwa na kusa da shi a hankali, akan haifi busassun 'ya'ya masu girma daban-daban a haihuwa ɗaya. Wannan babbar alama ce ga likitan dabbobi. Aladiyar da ke cikin fari ta fi shiga haɗari, don haka ake yi mata allurar rigakafi kafin barbara.

4.0 Zazzaɓin Aladu na Afirka

Wannan cuta daban ce. An fara bayyana ta a Kenya a 1921, ta shiga Kamaru a 1982, ta ɓulla a Cadi a 2010 a yankin Bongor, kan iyaka da Kamaru. Tana kama uwar da zazzaɓi mai tsanani, ta yi ɓari, sau da yawa ta mutu cikin 'yan kwanaki. Ke nan a nan uwa da 'ya'ya ake rasawa gaba ɗaya. Ba ta kama mutane, amma mutane suna ɗaukar ta a takalmi da tufafi da ragowar nama. Kariya ita ce killace dabbobi, da ware sabon alade kafin a haɗa shi da garke, da binne mushe, da kai rahoto ga jami'an dabbobi, waɗanda ɗakin bincikensu yake unguwar Farcha.

5.0 Kammalawa

Ya kamata ɗalibi ya bambanta kalmomi 3: ɓari shi ne fitar tayi kafin lokaci, bushewar tayi ita ce mutuwarsa ba tare da ya fita ba, haihuwar gawa kuwa ita ce fitowar cikakken ɗa matacce. Mai fassarar da ya kira su duka ɓari zai iya sa makiyayi ya ba likita bayanin da zai kai shi ga wata cutar daban.