Ɗan Mazubin Da Ake Dasa Wa Masu Ciwon Daji A Ƙirji

Jama'a, mu a zango da zarar an ce "tiyata" ga mai ciwon daji, sai gaba ya faɗi. Mun taso muna jin cewa in wuƙa ta taɓa daji sai ya bazu. Wannan tsoro ya sa wasu ke gudun wani ɗan aiki da ko kusa da ƙarin ba ya zuwa, wato dasa abin da likitoci ke kira fot.

Maganin daji da ake ɗurawa ta jijiya, wanda ake kira kemo, yana da kaifi ƙwarai. Akwai wani ja a cikinsu, doksorubisin, da ake yawan ba masu sankarar mama. In ya kuskure ya zuba a wajen jijiya, sai ya ci nama. Ga shi kuma ba sau ɗaya ake sha ba, galibi duk mako uku ne, har zagaye shida ko takwas. Jijiyoyin hannu kuwa ƙanana ne, kafin a je ko'ina sun taurare ko sun ɓace.

Haka ta faru ga wata baiwar Allah mai sayar da koko a nan Kumasi, wadda muka ziyarta. An cire mata nonon hagu da kaluluwar hammata, saboda haka aka hana sa allura a wannan hannu. Saura na dama kaɗai. A zagaye na uku sai da aka soke ta wuri huɗu kafin a sami jijiya. Nan ne likita ya kawo maganar fot, dangi kuma suka rabu biyu.

To, mene ne shi? Ɗan mazubi ne, bai fi murfin kwalba ba, da saman roba mai taushi. Ana tsaga fata kaɗan a ƙirji, ƙasa da ƙashin da ya taso daga wuya zuwa kafaɗa, a zaunar da shi a ɗinke. Wani siririn bututu ya fita daga jikinsa, ya bi jijiyar wuya, ya tsaya a babbar jijiyar da ke zuba jini cikin zuciya. Jinin wurin yana da yawa da gudu, nan take yake tsarma maganin. Ba sabon abu ba ne: tun 1982 wani likita a Amurka, John Niederhuber, ya ba da rahoton amfani da shi.

Ta gaya mana an hana ta ci tun dare. Ba a sa ta barci sosai ba, allurar kashe zafi aka yi mata a wurin da wata mai sa gyangyaɗi. Abin da ta ji dai dannawa ce da ɗan ja a wuya. Kafin awa guda an gama, aka ɗauki hoton ƙirji don a ga inda bututun ya tsaya, da la'asar tana gida. Kwana uku wuyan ya yi mata tsami, juyawa sai da dabara.

Wahalar da ba ta zata ba ita ce ta gida. An ce kada ta ɗauki kaya mai nauyi har mako guda ko fiye, ita da ta saba sauke tukunyar koko da kanta. Goyon jika ma ya tsaya, domin ɗaurin zane daidai kan ciwon yake hawa. Wanka kuwa sai aka kiyaye wurin daga ruwa. Malamai sun san hukuncin shafa a kan bandeji, a tambaye su. Da ya warke, ba abin da ya hana alwala ko wanka, tunda komai yana ƙarƙashin fata. Ɗan tudu kawai ake gani.

Yanzu ranar magani, suka ɗaya nas ke yi da wata allura ta musamman, shi ke nan. Ta nan ake ɗibar jini ma.

Amma fa ba kyauta ba ne, kuma yana da nasa haɗari. Ƙwayar cuta na iya shiga, jini na iya daskarewa a bututun. Zazzaɓin da ya kai 38 a ma'auni, ko wurin ya yi ja, ko hannu da wuya su kumbura, to asibiti a ranar, ba jiƙo ba, ba kuma a ce maleriya ce a sayi ƙwaya a kemis. In an daina amfani da shi na ɗan lokaci, ana wanke shi duk mako huɗu zuwa shida, ko yadda likita ya tsara. Wanda zai koma Tamale ko Bawku tsakanin zagaye, ya tambaya tun yana Komfo Anokye ko Korle Bu inda zai sami nas mai irin wannan allura, da kuma ko inshorar lafiya za ta ɗauki wani abu cikin kuɗin. In an kammala magani, ana cire shi da ɗan aiki wanda bai kai na dasawa ba.